Motar kamfani ta karya ƙanina: mu karɓi dubu 300 ko mu tafi kotu?

Abban_Ihsan:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka san kan shari'a. Yau mako biyar ke nan da wata babbar motar kamfani ta kwashe ƙanina a titin Zariya, nan Kano. Adaidaita sahu yake ja, ya tsaya a gefe yana sauke fasinja, motar ta zo ta baya ta yi ciki da shi. Ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu, an sa masa ƙarfe a asibitin ƙashi na Dala, babur ɗin kuwa sai dai 'yan gwangwan. Zuwa yanzu mun kashe sama da naira miliyan ɗaya da dubu 200, rabi bashi ne. Shekaranjiya wakilin kamfanin ya zo gida da dubu 300 da wata takarda, wai kuɗin jaje ne, mu sa hannu a rufe magana. Mahaifinmu ya ce a karɓa, sauran a bar wa Allah. Ni zuciyata ta ƙi kwanciya, don yaron nan yana da mata da 'ya'ya biyu, babur ɗin ma bai gama biyan kuɗinsa ba. In muka ce sai kotu, daga ina ake farawa? Nawa ake kashewa, kuma shekara nawa ake yi?

Hajiyar_Gwale:
Innalillahi. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Amma don Allah kada ku sa hannu a takardar da ba ku karanta ba. Da Turanci take?

Abban_Ihsan:
Amin, Hajiya. Da Turanci take, shafi biyu. Na ɗauki hotonta a waya kafin ya tafi da ita.

Dattijon_Fagge:
Ɗana, ka ji maganar mahaifinka. Shari'a saɓanin hankali ce. Na yi shekara 6 ina hawa matakalar kotu a kan gona, yau alƙali ya tafi taro, gobe lauyan can ba shi da lafiya, jibi an yi wa alƙalin canjin wurin aiki, a sake farawa daga tushe. Kuɗin motar da na kashe kaɗai ya sayi rabin gonar. Kai da kamfani za ka ja? Su lauyansu albashi yake karɓa, kai kuwa kowane zama sai ka sayar da akuya.

Barista_Kabuga:
Baba Dattijo, jinkirin da ka faɗa gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai rigimar gona daban, wannan daban. A gona kowa yana cewa ta kakansa ce. A nan akwai mota mai lamba, akwai ƙafa mai ƙarfe, akwai rasit.

Malam Abban Ihsan, ka fara rarrabe abu biyu da mutanenmu suke cakuɗawa. Akwai shari'ar laifi, wadda 'yan sanda suke gurfanar da direba a kotun majistare bisa tuƙin ganganci. Wannan tsakanin hukuma ne da direba, ƙaninka shaida ne kawai. Sashe na 78 na kundin dokar laifuka, wato Final Kod, ya ba alƙali damar ya sa mai laifin ya biya diyya, amma ka tambayi kanka me direban haya ya mallaka. Akwai kuma ƙarar neman diyya, wadda ƙaninka da kansa zai shigar a Babbar Kotun Jiha. A ita ce ake haɗa direba da kamfanin a sammaci ɗaya, domin doka tana ɗora wa ubangida alhakin sakacin da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki.

Yadda take tafiya: lauya ya fara rubuta wa kamfanin wasiƙar neman haƙƙi, ya ba su wa'adi. In sun yi biris, ya shigar da takardar sammaci tare da bayanin da'awa, da rubutacciyar shaidar kowane shaida bisa rantsuwa, da kwafin duk takardun da za ku dogara da su. Yanzu tun a farko ake zube komai, ba a ɓoye takarda a aljihu sai ranar zama. A kai musu sammaci, su kawo kariyarsu a rubuce, a yi zaman share fage, sannan a shiga jin shaidu, lauyan can ya yi musu tambayoyin ƙure. Abin da za ku tabbatar shi ne direban ya yi sakaci, kuma sakacin nan ne ya jawo raunin.

Takardar can kuwa, in na canka daidai, cewa take kun karɓi kuɗin a matsayin cikakken biya, ba ku da sauran da'awa. Kuna sa hannu kun rufe wa kanku ƙofa, buɗe ta kuma aiki ne ja.

Sadiq_Injiniya:
Barista, nawa kake karɓa? 😂 Don na ga talla ta fara.

Barista_Kabuga:
Sadiq, ban ce ya zo wurina ba. Tunda ka taɓo kuɗi ma: ƙa'idar aikin lauyoyi ta yarda a shari'ar da ba ta laifi ba a yi yarjejeniya cewa sai an ci sannan lauya ya ɗauki kasonsa. A rubuta kason tun farko, a kuma fayyace wa zai biya kuɗin shigar da ƙara da na kai sammaci. Wanda ba shi da hali kuma akwai hukumar ba da agajin lauya ta tarayya, Legal Aid, dokarta ta 2011 ta ambaci da'awar haɗari ƙarara.

Ummu_Sumayya:
Ni abin da yake damuna shi ne saɓa wa mahaifi. Ya ce a bar wa Allah. Haɗari ai ƙaddara ce, direban ba da gangan ya yi ba. Cin kuɗin jini ba ya albarka, haka muka tashi muka ji.

Malam_Na_Zaure:
Malama Ummu Sumayya, Allah ya saka da alheri, amma wannan magana tana buƙatar gyara. Diyya ai saboda kuskure aka shar'anta ta. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i a kan kisan kuskure ta sauka, ta ce a miƙa diyya ga iyalan mamaci, sai fa in su suka yafe. Abin da Allah ya halatta ba za a ce ba ya albarka ba. Yafiya falala ce, karɓa kuma haƙƙi ne.

A fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a Risala, cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinari, ko dirhami 12,000 na azurfa. Hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya in an rasa, rabin diyya. Kowane yatsa raƙuma 10, kowane haƙori raƙuma 5. Karaya irin ta wannan yaro ba ta da ƙayyadadden adadi. In ta warke da naƙasa, alƙali ne yake ƙiyasta abin da ta rage masa. Kuma ga inda nake so Abban Ihsan ya lura: malamai sun ce ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke. Yau mako biyar, wa ya san ko ƙafar za ta koma daidai ko zai riƙa ɗingishi?

Sannan haƙƙin nan ba na uba ba ne, ba na wa ba ne. Na mai ƙafar ne, tunda baligi ne mai hankali. Shi me ya ce?

Abban_Ihsan:
Wallahi Malam ka sa na ji kunya. Ba wanda ya tambaye shi. Muna ta shawara a zaure shi yana kwance a ɗaki.

Ummu_Sumayya:
Na gode Malam, na ƙaru. Amma har yanzu ina ganin a lallaɓa mahaifin, kada a yi abin da zai ji an raina shi a gidansa.

Direban_Tirela77:
Ku bari in faɗi ta ɓangarenmu, tunda kowa ya ɗora mana laifi. Shekarata 19 a kan babbar mota. 'Yan adaidaita suna tsayawa inda suka ga dama, ba sigina ba komai, mota mai tan 30 kuwa ba a taka mata burki kamar keke. Ban ce ƙaninka ne da laifi ba, ban ga abin ba. Amma ka tabbatar "gefe" ɗin nan da ka ce gefe ne na gaskiya. Wani abu kuma: mu direbobi mun sha gaya wa masu mota burki ya yi sanyi, a ce mu lallaɓa mu kai kayan. In abu ya faru, direba ke kwana a sel, mai mota yana gida yana shan shayi.

Barista_Kabuga:
Maganar direba tana kan hanya, kuma ita ce lauyan kamfanin zai fara kawowa. Ko da kotu ta ga shi ma ƙanin yana da nasa sakacin, ba ta korar ƙarar, rage diyyar take yi gwargwadon kason laifinsa. Shi ya sa zanen wurin haɗari da 'yan sandan sashen motoci suke yi yake da muhimmanci, da rahoton jami'in duba lafiyar motoci, wato VIO. In rahoton ya nuna burkin ya lalace tun kafin ranar, to kamfanin ya shiga da ƙafa biyu. Abban Ihsan, an yi zanen? Fasinjan da yake saukewa kuna da lambarsa?

Abban_Ihsan:
An yi zane, direban ma ya sa hannu. Fasinjar mace ce, ita ma ta ƙuje a hannu. Wani mai shayi a wurin ya ce ya san gidansu.

Sista_Rabi:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, ɓangaren ƙashi. Abu ɗaya nake roƙon ku: kada ku cire shi daga hannun likita ku kai wa maɗori don a rage kashe kuɗi. Ba raina ɗorin gida nake ba, amma ƙafar da aka sa wa ƙarfe ba ta maɗori ba ce, kuma maɗori ba ya ba da rahoto. Ku nemi rahoton likita a rubuce, mai hatimi, ku adana hotunan ƙashi na farko da na bayan aiki. Rasit kuwa ko na allura ɗaya ne ku sa a leda. Masu kemis da yawa ba sa bayarwa sai an tambaya, ku riƙa tambaya. Idan ya warke, likita zai iya rubuta yawan naƙasar da ta rage.

Don amfanin sauran jama'a: dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. A kai mai rauni asibiti tukuna, maganar 'yan sanda ta biyo baya.

Hajiyar_Gwale:
Sista, rasit ɗin nan shi ya kayar da mu. Ɗan yayata mota ta buge shi, muka kashe abin da muka kashe, da aka zo lissafi a gaban alƙali abin da muke da takardarsa bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Lauyan can yana murmushi yana cewa "Hajiya, ina shaida?" Sauran sai Allah ya isa.

Barista_Kabuga:
Haka dokar take, Hajiya. Diyya iri biyu ce. Akwai ta abin da aka kashe ko aka rasa a ƙididdige: magani, aiki, gyaran babur, kuɗin shigar da ya tsaya. Wannan sai an jera ta dalla-dalla an kuma tabbatar da kowace naira. Akwai kuma ta raɗaɗi da wahala da naƙasa, wadda alƙali ke ƙiyastawa da kansa. Littafin da mai babur yake rubuta balas ɗin kullum ma shaida ne, yana nuna abin da yaron yake samu.

Inshora_Aliyu:
An yi ta magana ba wanda ya ambaci inda kuɗin yake. Duk motar da ke hawa titi a Najeriya dole ta kasance da inshorar da ke biyan wanda ta yi wa ɓarna. Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da ta ƙaramar mota naira 15,000 daga 5,000, ɓarnar dukiya kuma ana biya har miliyan 3. Rauni da rasa rai ba a yanke musu iyaka ba. Ku sa lambar motar a manhajar NIID, rumbun bayanan inshora na ƙasa, ku ga ko tana da inshora ta gaskiya da sunan kamfanin da ya yi mata. In akwai, lauyanku ya sanar da su a rubuce tun da wuri. Sau da yawa dubu 300 irin wannan daga aljihun manaja take fitowa don kada maganar ta kai sama.

Sadiq_Injiniya:
Inshorar da ake yankar mana a bakin ofishin lasisi? Ni na ɗauka takardar nuna wa ɗan sanda ce kawai.

Inshora_Aliyu:
Da yawanta ta bogi ce, shi ya sa na ce a duba. Ka duba taka ma yau.

Dan_Maradi:
Gaisuwa daga Maraɗi. Mu nan tsarin ya bambanta. Nijar tana cikin ƙasashen da ke bin dokar inshora ta CIMA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992. In hatsari ya faru, jandarmomi ko 'yan sanda su rubuta rahoto, kamfanin inshora ne doka ta ɗora wa ya kawo tayin biya cikin wa'adi, likita ya auna naƙasa, a lissafa da ma'auni da aka gina kan albashi mafi ƙanƙanta. Ba a cika jan dogon zance ba, amma kuɗin ba ya da yawa, tunda akwai silin da ba a wucewa. Kowane tsari da inda yake ciwo.

Dattijon_Fagge:
Duk na ji ku. Amma ku tuna da yaran Trovan. A 1996 aka yi annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa mai suna Trovan a kan yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na nan Kano, 11 suka rasu. Sai 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75, sai 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne, bayan gwajin ƙwayar halitta (DNA). Shekara 15! Wannan fa da gwamnati a gaba.

Maryam_Lauya:
Baba, misalinka takobi ne mai kaifi biyu. Kamfanin bai amsa laifi ba har aka gama, amma ya biya. Me ya kawo shi teburin sulhu? Ƙarar da iyalai suka shigar a Amurka a 2001, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta can ta ce a 2009 za a iya saurara, da ƙararrakin da gwamnatin Kano da ta tarayya suka shigar a 2007. Da an bar wa Allah tun ranar farko ba tare da an motsa ba, ko sisi ba wanda zai gani. Kuma ka lura abin da ya tsayar da mutane da yawa a ƙarshe shi ne tabbatar da cewa ɗansu yana cikin waɗanda aka yi wa gwajin. Maganar Sista Rabi ce dai ta dawo: takarda.

Abban Ihsan, shigar da ƙara ba ya nufin sai an kai hukunci. Yawancin irin wannan a sulhu suke ƙarewa, bambancin shi ne sulhun da aka yi da sammaci a hannu ba ɗaya yake da wanda aka yi a zauren gidanku da dare ba. Babbar Kotun Kano tana da zauren sulhu nata, in aka daidaita a can alƙali ya sa hannu, ya zama hukuncin kotu.

Sannan ku kula da lokaci. Kowace jiha da wa'adinta na shigar da ƙara, a Legas misali shekara 3 ne ga raunin jiki. Wanda ya fi haɗari shi ne in motar hukuma ce: dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar, wasu hukumomin ma sai ka ba su sanarwa a rubuce kafin ka kai su kotu. Mutum yana kwance yana jinya wa'adinsa yana ƙonewa.

Talle_Bompai:
Tambaya a gefe, ku yi haƙuri. Ni inji ne ya cinye min yatsu biyu a masana'antar da nake aiki, wata 4 ke nan. Nawa ma haka ake bi?

Maryam_Lauya:
Sannu Malam Talle. Naka hanyarsa daban. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, asusun NSITF ke kula da ita, masu ɗaukar aiki suna zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya. A nan ba sai ka tabbatar da sakacin kowa ba, ya isa a ce a bakin aiki ka ji raunin. Ana so a shigar da buƙata cikin shekara 1. In ta kai ga shari'a, kotun ma'aikata ta ƙasa ce ke ji, ba Babbar Kotun Jiha ba. Ka tambayi ofishinku ko sun kai rahoton, kada ka yarda da "muna kai" ta baki.

Auwal_Kurna:
Me ya sa ba wanda ya ce a je kotun Musulunci? Ta fi sauri, ba dogon Turanci, mutum yana iya tsayawa da bakinsa.

Barista_Kabuga:
Da tsakanin mutum biyu Musulmi ne, da na ce a duba. Da kamfani da inshora a ciki, abu na farko da lauyansu zai tayar shi ne kotun ba ta da hurumi, a ɓata wata shida a kan wannan kaɗai. Kuma in faɗi abin da Baba Dattijo bai faɗa ba, don kada a ce na ɓoye: cin shari'a daban, karɓar kuɗi daban. Suna iya ɗaukaka ƙara. In ba su biya ba sai an koma kotu ta ba da umarnin a cire daga asusunsu na banki ko a kama kadararsu. Kuɗin da aka yanke yau kuma, in aka biya bayan shekara 4, kowa ya san abin da naira take yi.

Dattijon_Fagge:
To ka ji. Da bakinsa ya faɗa.

Hajiyar_Gwale:
Baba, ya faɗa, amma dubu 300 ko bashin da suka ci ba ta biya ba. Ƙarfen nan ma wata rana sai an sake aiki an cire shi. Wa zai biya wannan?

Abban_Ihsan:
Na gode ƙwarai jama'a. Ga inda aka kwana. Jiya bayan isha'i na shiga na zauna da shi kamar yadda Malam ya ce. Ya yi shiru, can ya ce shi ba ya son Baba ya yi fushi, amma mai babur ya aiko sau biyu, kuma matarsa ta sayar da keken ɗinkinta ban ma sani ba. Ya ce in dai za a yi ba tare da tashin hankali ba, a nemi haƙƙinsa. Mun duba lambar motar, tana da inshora kuma ba ta ƙare ba. Rasit na tattara, na kusan dubu 800 muka samu, sauran sun bi iska. Wakilin kamfanin ya kira da safe, na ce masa ba za mu sa hannu ba sai likita ya gama nasa, sai ya ce zai iya kaiwa dubu 500. Baba har yanzu bai sauko ba, ya ce shi a zuri'arsu ba a taɓa kai kowa kotu ba. Kawunmu zai zo ranar Juma'a ya yi masa magana.

Malam_Na_Zaure:
Ku bar kawun ya yi maganar, kai kada ka sa baki a gabansa. In ana so in zo, a faɗa min.

Direban_Tirela77:
Daga 300 zuwa 500 a waya ɗaya? To akwai abin da suka gani a rahoton burkin nan. Ka je ka karɓi kwafinsa kafin ya yi ƙafa.

Talle_Bompai:
Barista Maryam, na tambaya a ofis, sun ce wai ni ɗan kwantiragi ne, sunana ba ya cikin waɗanda ake biya wa. Haka ne?